Kallon Kitse Ake Yi Wa Rogo: Raddi Ga Masu Tallar Makarantar Gida

Akwai wani irin rubutu da ya yawaita a ƙasar Amurka, wanda a cikinsa uwa kan zauna a ƙarshen kowane mako ta zayyana wa duniya yadda ta karantar da ɗanta ko 'yarta a gida, ba tare da yaron ya taka ƙofar wata makaranta ba. Wanda duk ya karanta guda goma daga cikin irin waɗannan rubuce-rubuce, kamar ya karanta dubu ne, domin zubinsu ɗaya. Ran Litinin an yi lissafi a kan teburin cin abinci, ran Talata an karanta babi biyu na wani littafin adabi, ran Laraba an kwaɓa fulawa an gasa burodi, ran Alhamis an ziyarci gidan adana kayan tarihi, ran Juma'a kuwa an haɗu da wasu iyalai a filin shaƙatawa. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa kyan wannan mako bai isa hujja ba, kuma waɗanda ke kafa shi hujjar cewa hukuma ta kawar da idonta daga yaran da ke karatu a gida, rogo suke sayar wa jama'a da sunan kitse.

Ya kamata mai karatu ya san inda abin ya samo asali. Wani malamin makaranta mai suna John Holt, wanda ya yanke ƙauna daga tsarin aji da ƙararrawa, ya fara buga wata mujalla a 1977 domin iyayen da suka cire 'ya'yansu daga makaranta. A ɗaya ɓangaren kuma Raymond Moore da matarsa Dorothy suka yi ta jawo hankalin iyalai mabiya addinin Kirista zuwa ga wannan hanya. Ya zuwa 1993 karatun gida ya zama halal a dukkan jihohi 50 na Amurka. Ƙididdigar ma'aikatar ilmi ta ƙasar ta nuna yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, suka kai wajen miliyan 1.8 a 2012. Da annobar korona ta zo, hukumar ƙidayar jama'a ta gano cewa gidajen da ke karantar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 zuwa kashi 11.1 a cikin shekarar 2020 kawai; a tsakanin baƙaƙen fata ma daga kashi 3.3 ne zuwa 16.1. Ashe ke nan batu ne da ya shafi miliyoyin yara.

Ba ma musun cewa iyaye da yawa suna da dalilai masu ƙarfi. Uwar da ta ga abin da ya faru a makarantar Columbine a 1999, ko a garin Uvalde a 2022, inda aka harbe yara a cikin aji, ba za a zarge ta ba idan ta ji tsoro. Uban da ake wa ɗansa ba'a saboda launin fatarsa, ko wanda 'yarsa ke da wata lalura da malamai suka kasa fahimta, yana da abin faɗi. Haka kuma ba ma musun cewa akwai gidajen da karatun ke tafiya daidai, har yaro ya fita ya shiga jami'a ya yi fice. Abin da muke ja da shi shi ne a ɗauki labarin gidan da ya dace a auna dukkan gidaje da shi, sannan a ce kowa ya kama bakinsa.

Mu fara da burodin ranar Laraba, tun da shi ne abin tinƙaho. Ana cewa a cikin kwaɓin nan yaro na koyon lissafi da kimiyya a lokaci ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. Wanda zai ninka awon kashi uku cikin huɗu na kofi dole ya san yadda ake tara ɓangarorin lamba, kuma wanda ya ga ƙulli ya kumbura ya ga aikin yis, wato yadda yake cin sukari ya fitar da iska, danƙon alkama kuma ya riƙe iskar. To amma wannan darasi ne na ɗan shekara 8. Matashi ɗan shekara 15 aljabara ce ke gabansa, da fiziks, da kimiyyar sinadarai mai bukatar ɗakin gwaje-gwaje, da harshen waje, da rubutun da wani zai karanta ya ja masa jan biro ba tare da tausayin uwa ya riƙe masa hannu ba. A sakandare malamai bakwai ko takwas ne ke raba wannan kaya, kowannensu ya shafe shekaru yana nazarin fanni ɗaya. Wace uwa ce, komai haziƙancinta, za ta ɗauki wannan jinka da hannu ɗaya? Abin da kan faru a gidan da babu mai dubawa shi ne, fannin da uwa ke tsoro sai ya sulale daga jadawali a hankali, a cike gurbinsa da abin da ke da daɗin yi da daɗin ba da labari. Ba a rubuta wannan a rahoton ƙarshen mako, domin wadda ke koyarwa ita ce mai jarrabawa, ita ce kuma mai ba da labari.

Sai ziyarar ranar Alhamis. Gidan tarihin da ake zuwa, da laburaren unguwa da ake aro littafi kyauta, da titin da aka bi, da kwalejin yanki da ake tura matashi ya ɗauki darasin da ya gagari gida, duk akasarinsu da harajin jama'a aka gina su, malaman da makarantu suka yaye ne kuma ke tafiyar da su. Mai cewa ya 'yantu daga tsarin hukuma alhali yana shan romon wannan tsari kowane mako, ya yi kama da wanda ke zagin rijiya guga na hannunsa.

Akwai kuma tsadar da ba a faɗi. Magoya bayan karatun gida sun daɗe suna ambaton binciken da Lawrence Rudner ya buga a 1999, wanda ya duba sakamakon yara 20,760 ya tarar sun zarce takwarorinsu na makarantun gwamnati. Abin da ba su cika faɗi ba shi ne, iyayen da suka ga dama ne suka kawo 'ya'yansu jarrabawar, kuma shi kansa Rudner ya yi gargaɗin cewa binciken nasa bai tabbatar da fifikon karatun gida a kan na makaranta ba. Binciken ya nuna kusan dukkan yaran suna tare da uwa da uba, iyalan sun fi matsakaicin Ba'amurke samu, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na uwayen ba su aikin albashi. Wato asirin kyakkyawan makon nan shi ne mace ɗaya mai ilmi da ta ajiye aikinta na shekara goma ko fiye, ba albashi ba fansho, da miji mai samun da zai riƙe gida shi kaɗai. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, ko wace makaranta aka kai shi zai yi ƙoƙari.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi nauyi, wato wane ne ke ganin yaron. Dokokin jihohin Amurka sun sha bamban. A Niyok dole iyaye su miƙa tsarin karatu na shekara, su ba da rahoto sau huɗu, a kuma auna yaro a ƙarshen shekara. A Fensilbeniya wani ƙwararre ne ke duba kundin aikin yaro kowace shekara. Amma a Teksas da Aidaho da wasu jihohi, iyayen da ba su taɓa sa ɗansu a makarantar gwamnati ba, doka ba ta neme su da su sanar da kowa ba. Wannan sakaci ba haka kawai ya faɗo ba. Wata ƙungiyar lauyoyi da aka kafa a 1983, wadda aka sani da HSLDA, ta shafe shekaru tana yaƙar yunƙurin ƙara sa ido. A 1994 magoya bayanta sun cika wayoyin Majalisar Wakilai da kira, har aka janye wani sashe na dokar ilmi da suka ji tsoron zai tilasta wa iyaye mallakar takardar shaidar koyarwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Janairu na 2018, a garin Perris na jihar Kalifoniya, wata budurwa 'yar shekara 17 ta fice ta taga ta kira 'yan sanda. Da suka shiga gidan sai suka tarar da 'yan'uwanta 12 cikin yunwa da ƙazanta, wasu a ɗaure da sarƙa. Uban ya yi wa gidan rajista a matsayin makaranta mai zaman kanta, shi ne shugabanta, kuma babu jami'in ilmin da ya taɓa leƙawa. A Ingila ma, a 2023, malamai sun ga tabon duka a jikin wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Woking, suka kai rahoto; ba da daɗewa ba aka cire ta daga makaranta da sunan za ta yi karatu a gida, a watan Agusta aka tsinci gawarta. Za a ce mana ai ana cin zarafin yara masu zuwa makaranta ma. Haka ne. Bambancin shi ne mai zuwa makaranta yana wucewa ta gaban idanu da yawa kowace safiya, kuma a Amurka doka ta wajabta wa malami ya kai rahoton abin da ya gani. Iyaye nagari ba su rasa komai idan an ƙwanƙwasa musu ƙofa sau ɗaya a shekara. Wanda ke cin moriyar rufaffiyar ƙofa shi ne mai abin ɓoyewa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda rahotannin mako ba su taɓa yi: shin an tambayi matashin? A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa iyaye mabiya ɗariƙar Amish a jihar Wiskonsin na iya cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji na takwas. Alƙali William Douglas ya saɓa wa 'yan'uwansa a wani ɓangare na hukuncin, yana mai nuni da cewa makomar yaran ce ake yankewa, don haka ya kamata a ji ta bakinsu. Yaran da shari'ar ta shafa 'yan shekara 14 da 15 ne. A waɗannan shekaru ne mutum ke bukatar ya zauna kusa da wanda bai zaɓa ba, ya ji ra'ayin da ba a faɗi a gidansu, ya yi gardama a kayar da shi, ya sami wani babba da ba uwa ba uba wanda zai iya kai wa kuka. Haɗuwar ranar Juma'a ba ta biyan wannan bukata, domin iyaye ne suka tace waɗanda za a haɗu da su, galibi masu aƙida ɗaya da samu ɗaya.

Ba muna kiran a haramta karatun gida ba ne kamar yadda Jamus ta yi, ko da yake Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ƙi rushe matsayin Jamus a 2006. Faransa ma tun daga 2022 sai da izinin hukuma ake yinsa. Abin da muke nema bai kai haka tsanani ba: a rubuta sunan kowane yaro da ke karatu a gida, wani malami da ba ɗan gida ba ya gan shi ido da ido, ya auna karatunsa kowace shekara, kada a bar gidan da ake bincike kan cin zarafi ya janye yaro daga makaranta, sannan idan yaro ya kai shekarun sakandare a tambaye shi a keɓe ko yana son zuwa makaranta.

Wannan magana ta shafe mu a Nijeriya ta fuska biyu. Ta farko, tsoron da ya kori iyayen Amurka daga makaranta ya iso mana da kama mafi muni, daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024. Ta biyu, a ƙasar da hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara kimanin miliyan 20 ba su zuwa makaranta, kalmar "za ta yi karatu a gida" na iya zama sabon mayafi ga tsohuwar al'adar janye yarinya da zarar ta fara girma, alhali dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye shekara 9 na karatun kowane yaro. Mai son kafa hujja da tarihinmu ya tuna cewa makarantar zaure ƙofarta a buɗe take ga titi, almajiri kuma yakan bar malami ya tafi wurin wani malami kafin a shaida iliminsa. Nana Asma'u, wadda ta yi karatu a gidan mahaifinta, ba ta kulle ilmin a ɗaki ba. Jajis ta naɗa suka riƙa kai shi ƙauyuka. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Saboda haka muna kira ga masu hali a cikinmu, waɗanda ke da ilmi da muryar da hukuma ke saurare, da su tsaya a gyara makarantar unguwa a kuma tsare ta, domin idan suka janye 'ya'yansu zuwa falo, 'ya'yan da ba su da falo ne za a bari a ajin da babu malami.