LAFIYA UWAR JIKI: Sabuwar Gwiwa, Da Na'ura Ko Da Hannun Likita?

Duk wanda ya saba sallar jam'i a masallatan Minna, ko a Limawa ko Bosso ko Tunga, ya san kujerun nan na roba da akan jera a gefen sahu. Da yawa daga masu zama a kansu lafiyarsu ƙalau, gwiwa ce kawai ta ƙi lanƙwasuwa. Haka abin yake cikin gidaje, inda tsohuwa kan daɗe tana laluben bango kafin ta miƙe daga tabarma. Ciwon nan shi ne amosanin gaɓɓai, watau guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ya cinye, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. In abin ya yi nisa sai ƙafa ta yi baka, barci ya gagara, fita daga ɗaki zuwa zaure ta zama aiki. A nan ne likita kan kawo maganar a sake gwiwar.

Dā shawarar guda ce, a yi ko kada a yi. Yanzu ta zama biyu, domin 'ya'yan dattijo sun gani a wayoyinsu, ko kuwa dillalan asibitocin ƙasashen waje sun gaya musu, cewa akwai wani mutum-mutumi da ke yin aikin ba kuskure, wai majinyaci kan tashi kamar ba a taɓa shi ba. Sai a ga an taru ana shawarar sayar da fili ko gona, don kada a ce an yi wa tsoho rowa. Kafin a kira mai saye, ya kamata a san abin da za a saya da kuɗin.

Shi dai aikin ba cire gwiwa ake yi ɗungurungum a jefar ba, kamar yadda waɗansu ke tsammani. Likita yakan fere kan ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri inda suka lalace, ya sa wa kowanne hular ƙarfe, ya liƙe da wani irin siminti, sa'an nan ya sa faifan roba mai ƙarfi a tsakani don ya tsaya a madadin guringuntsi. Dabarar ta daɗe. Tun cikin 1890 wani likita Bajamushe, Themistocles Gluck, ya gwada gwiwar hauren giwa a Balin, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aiki. Irin wadda ake sawa yau ta samo asali ne daga wadda John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a birnin New York cikin 1974. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga cikin 2019 ya nuna cewa cikin kowace gwiwa 100 da aka sa, kamar 82 na nan suna aiki bayan shekara 25. Kusan dukan waɗannan kuwa da hannu aka sa su, da ma'auni na ƙarfe da idon likita. A nan gida ma, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959, yana yin wannan aiki.

To, me na'urar ta ƙara? Da farko dai sunan mutum-mutumi da aka laƙaba mata ya fi ta girma. Hannu ne na ƙarfe haɗe da kwamfuta, kuma ba ya motsi sai da izinin likita. Irin wadda ake kira Mako, ta kamfanin Stryker, sai an ɗauki hoton ƙafar da na'urar nan mai leƙa jiki yanka-yanka, a zana siffar ƙashin cikin kwamfuta, a tsara inda zarto zai bi. Ranar aiki likita ne ke riƙe da zarton, amma in ya nemi ƙetare iyakar da aka shata sai na'urar ta tsaya cik. Akwai kuma ROSA ta kamfanin Zimmer Biomet, wadda hukumar Amurka ta amince da ita don aikin gwiwa cikin 2019. Kakarsu duka ita ce Robodoc, da aka fara gwadawa a kan ƙugun ɗan Adam a Kalifoniya cikin 1992. Galibi yankan na'ura ya fi daidaita, hoton da akan ɗauka bayan aiki ya tabbatar da haka. Waɗansu likitoci sun kuma ba da rahoton cewa majinyatansu sun ɗan fi samun sauƙin zogi a makonnin farko.

Amma dattijon da ke son ya koma sahu ba kyawun hoto ya dame shi ba. Tambayarsa ita ce, bayan shekara ɗaya ko goma, wa ya fi tafiya, wa ya fi barci? A Koriya ta Kudu an raba majinyata fiye da 1,000 gida biyu, waɗansu da na'ura waɗansu da hannu, aka bi su fiye da shekara 10. Sakamakon da aka buga cikin 2020 bai sami wani bambanci ba wajen tafiya, ko lanƙwasuwa, ko daɗewar ƙarfen. Gaskiya ne na'urar da suka yi aiki da ita tsohon yayi ce, ana kuma ci gaba da gwada sababbin, amma har yanzu alkawarin da ke cikin talla ya yi wa hujja nisa. Bugu da ƙari, sai an kafa waɗansu ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri don kwamfuta ta riƙa ganin ƙafar, kuma jefi-jefi wurin kan yi ruwa, ko ma ƙashin ya tsage. Aikin yakan ɗan fi daɗewa, musamman a hannun wanda bai daɗe da koyon na'urar ba. Kuɗi kuwa ba a magana.

Saboda haka mai hali, wanda ya sami ƙwararren likita da ya saba da na'urar, ba laifi ya zaɓe ta, tana da amfani musamman ga ƙafar da ta karkace ƙwarai ko wadda ta taɓa karyewa ta ɗoru a karkace. Wanda kuwa sai ya ci bashi kafin ya kai gare ta, to, bai yi asarar kome ba in ya tsaya ga aikin hannu. Abin da ya fi cancanta a bincika shi ne likitan kansa. Gwiwa nawa yake sakewa a shekara? Cikinsu nawa suka yi ruwa? In matsala ta taso bayan wata biyu, wa za a nema, a ina? Mutanenmu na jin nauyin yi wa likita irin waɗannan tambayoyi, alhali kuwa ba sa jin nauyin buɗe bakin rago su duba haƙoransa kafin su biya. Likitan kirki ba ya fushi da su. Ya kamata kuma a sani tun da wuri cewa, kowace hanya aka bi, kamar mutum ɗaya cikin biyar kan ci gaba da jin wani ciwo ko rashin gamsuwa bayan aiki.

Babban abokin gaba shi ne wanda ya kayar da Gluck, watau ƙwayar cuta. Cikin mutum 100 takan kama ɗaya ko biyu, in kuwa ta kama ƙarfe sau da yawa sai an sake buɗewa, wani lokaci a cire kome a sake sabon lale. Shi ya sa shiri ke farawa tun a Minna kafin a hau mota. Mai ciwon sukari ya daidaita sukarinsa, mai hawan jini haka, mai ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo ya warkar da shi tukuna. Ana iya yin waɗannan gwaje-gwaje da hoton farko a Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Har wa yau a nisanta wanzami daga gwiwar da za a yi wa aiki, ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Wanda ya daɗe yana shan haɗin ƙwayoyin nan na ciwon jiki da akan ƙulla a leda, ya faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye, don waɗansunsu na ɗauke da magungunan da ke raunana garkuwar jiki su hana rauni warkewa, waɗansu kuma na taɓa ƙoda da tumbi. Rage ƙiba ma shiri ne, domin kowane kilo ɗaya na jiki kamar kilo huɗu ne a kan gwiwa in ana tafiya.

Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu. Abin da ke biye da shi wata uku ne na wahala, kuma a nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa, don sun ƙarar da kuɗi da ƙarfi a kan tafiyar. Akan tayar da majinyaci ya taka tun ranar aiki ko kashegari. Akan cire ɗinki bayan kamar mako biyu, a kuma ba shi maganin tsinka jini na 'yan makonni don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Wannan haɗari ne ya sa doguwar tafiya a jirgin sama ko cikin mota ba da daɗewa da aiki ba take da ban tsoro, wanda ya tafi Indiya ko Masar sai ya lissafa kuɗin zaman jira a can. Ko daga Kano ko Abuja ne, a riƙa tsayawa a hanya ya sauko ya ɗan taka. In ƙwauri ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko rauni ya fara tsiyaya da zazzaɓi, asibiti za a nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.

Sa'an nan sai gashi, watau motsa gaɓar a hannun ma'aikacin da ya koyi aikin. Sabuwar gwiwa tana da ƙayyadadden lokaci, in ba a lanƙwasa ta ba a miƙe ta kullum cikin makonnin farko, sai tabon ciki ya ƙage ta. Wanda ya kai wajen wata uku gwiwa na sandare, wataƙila sai an sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Abin takaici, tausayi ne kan jawo haka. Jikoki na hana Baba tashi, surukai na kawo masa abinci har gado, masu dubiya na cewa a bar shi ya huta, kowa kuma da man zafinsa da ruwan ɗuminsa, alhali sanyi kumburin ke so, ƙanƙara cikin tsumma. Ya kamata tun kafin a tafi a je sashen gashi na asibitin da ya fi kusa a san ranakun zuwa, a ware kuɗin zirga-zirga, a kuma zaɓi mutum guda cikin gida, mai taurin zuciya, wanda zai tsaya a kan motsa jikin safe da yamma ko da tsoho na faɗa.

Akwai maganar da tallan ƙasashen waje ba ya taɓawa, don ba da mutanenmu aka tsara shi ba. Tafiya a fili na bukatar gwiwa ta lanƙwasu kamar digiri 65, hawan bene da tashi daga kujera wajen 90 zuwa 100. Sabuwar gwiwa galibi takan kai 110 zuwa 125, abin da ya ishi Bature rayuwarsa. Amma zaman tahiya da tsuguno na neman 140 ko fiye, kuma ba na'urar da ta yi alkawarin wannan. Waɗansu kan iya sujada a ƙasa bayan watanni, da izinin likita, da yawa kuwa za su ci gaba da salla a kujera, sai dai ba zogi, kuma da ƙafarsu za su je masallacin. Malamai sun daɗe da bayyana sauƙin da shari'a ta yi wa mai uzuri, gara dattijo ya ji wannan daga bakin limaminsa da likitansa kafin aiki, da ya gano shi bayan an sayar da gona. Gidan da masai na tsuguno ne, a kira magini tun kafin ranar sallama ya kafa na zama, ko kafinta ya ƙera kujera mai rami, a kafa ƙarfen dafawa a bango. A ɗaga gado, a kwashe ƙananan tabarmi da ke zamewa daga hanyar bayan gida, a kuma tanadi wurin alwala mai dakali, don gudun faɗuwa a kan jiƙaƙƙen siminti da asuba.