Kayan lambu har ƙofar gida: Shin muhalli ya amfana?

A 'yan shekarun nan, musamman tun daga zaman kullen korona na shekarar 2020, motocin raba kayan abinci sun zama ruwan dare a titunan Landan da Manchester da sauran biranen Birtaniya inda jama'armu suka daɗe da zama. Daga cikinsu akwai masu kawo kwalin kayan lambu na oganik, wato wanda aka noma ba tare da takin zamani ba, aka kuma taƙaita maganin ƙwari ƙwarai. Tallar da ake yi wa magidanta ita ce, duk wanda ya karɓi wannan kwali ya taimaka wa muhalli. Abin tambaya a nan shi ne, yaya gaskiyar wannan magana take?

Ita dai wannan sana'a ta kwana biyu. Kamfanin Abel & Cole ya fara ne a 1988 da tallar dankali gida-gida a Landan, shi kuwa Guy Singh-Watson ya soma raba kwalayen gonar Riverford da ke yankin Devon a 1993. Daga baya manyan kantuna suka shigo ta hanyar intanet, inda Ocado ya fara kai kaya a 2002.

Babu shakka akwai ƙamshin gaskiya a tallar. Mota ɗaya da za ta zagaya unguwa ta sauke wa gidaje da dama kaya ta fi a ce kowane magidanci ya tayar da tasa motar zuwa kanti. Wani bincike da masana na Jami'ar Exeter suka wallafa a 2009 ya nuna cewa idan tafiyar mai saye a motarsa, zuwa da dawowa, ta haura kilomita 6.7, to hayaƙin da ya fitar zai iya zarce na ajiyar kayan a ɗakin sanyi da shirya su da kai su har ƙofar gidansa, duk a haɗe.

To amma ya kamata mai karatu ya lura da sharaɗin da ke cikin wannan sakamako: ribar tana samuwa ne idan kwalin ya maye gurbin tafiya a mota. Uwargidan da ta saba taka sayyadarta ko ta hau bas zuwa kasuwar Brixton ko Ridley Road ko Rye Lane a Peckham ba ta da wani hayaƙin kirki da za ta rage, hasali ma motar da za ta zo mata ƙari ce a kan titi. Haka kuma wanda ya karɓi kwali, sannan ya tuƙa mota zuwa kanti domin shinkafa da mai, ya yi aikin baban giwa. Akwai kuma bambanci tsakanin kamfanin da ke zuwa unguwa a rana guda tsayayya kowane mako, da wanda ake kira ya kawo ƙunshi ɗaya cikin sa'a guda.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Babban binciken nan da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka fitar a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa abinci ne ke haddasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma sufuri bai wuce kimanin kashi 6 cikin 100 na wannan kaso ba. Ke nan abin da ke cikin kwalin da yadda aka noma shi sun fi motar da ta kawo shi nauyi nesa ba kusa ba. Tumatirin da aka noma a Ingila lokacin hunturu cikin rumfar gilashi mai cin gas yana iya fin wanda aka ɗauko a babbar mota daga Sifaniya illa. Inda sufuri ke yin ɓarna sosai shi ne jirgin sama, domin hayaƙinsa a kan kowane tan na kaya ya ninka na jirgin ruwa kimanin sau 50. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, ganin cewa ɗanyen kaya mai saurin lalacewa, irin su kuɓewa da attarugu da ake kawowa daga ƙasashe masu zafi, yawanci ta sama yake zuwa. Busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa kuwa ba su da nauyi, ba sa buƙatar firiji, kuma suna wata da watanni ba su lalace ba.

Shi kansa noman oganik yana da fuska biyu. Yana kare ƙasa da ƙudan zuma da tsuntsaye, yana kuma kauce wa takin zamani wanda ake sarrafawa da iskar gas. Sai dai yabanyarsa ba ta kai ta noman zamani ba. Masana na Jami'ar Cranfield sun ƙiyasta a 2019 cewa da Ingila da Wales za su koma noman oganik baki ɗaya, abincin da suke samarwa zai iya raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, lamarin da zai tilasta shigo da ƙari daga waje tare da buɗe sabbin gonaki a can. Don haka tambarin Soil Association a jikin kaya shaida ce ta yadda aka noma shi, ba ya nufin ya fi ƙarancin hayaƙi a kowane hali.

Sai kuma batun asara. Ƙungiyar WRAP ta ƙiyasta cewa gidajen Birtaniya na zubar da abinci fiye da tan miliyan 6 a shekara, kuma mafi yawansa abin da za a iya ci ne. Kwalin da ya zo cike da ganyen da uwargida ba ta san yadda za ta sarrafa shi ba, ya ƙare a kwandon shara, ya cinye ruwa da man fetur da kuɗin maigida a banza.

Saboda haka wannan jarida na kira ga magidanta da su yi wa duk kamfanin da ya zo musu da talla tambayoyi uku: shin yana ɗauko kaya ta jirgin sama, shin yana karɓar kwalayensa ya sake amfani da su, kuma shin ana iya canza abin da iyali ba sa ci? Wanda kasuwa ke kusa da shi ya ci gaba da zuwa da jakarsa, domin bai yi wa muhalli laifin komai ba. Wanda kuwa sai ya yi doguwar tafiya a mota, kwalin mako-mako zai fi masa.

Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Hausawa da su duba yiwuwar haɗa sayayya, ta yadda gidaje goma ko ashirin za su yi oda tare a sauke musu a wuri guda, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su kuma masu shagunan kayan Afirka da suka fara kai kaya gida-gida, ya dace su tsayar da rana ga kowace unguwa, su rage leda, su riƙa bayyana wa mai saye ta wace hanya kayan suka iso. Mai saye na da haƙƙin sanin abin da kuɗinsa ya saya, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.