Citta Daban, Ƙullin Mai Lasifika Daban

Gwaggona na fama da ciwon gwiwa. Kullum da safe sai ta daka citta da kurkum, ta barbaɗa masoro, ta zuba a kunu. Ban taɓa hana ta ba, kuma ba na tare da 'yan bokon da ke yi wa irin wannan dariya. Sinadarin da ke ba citta yajinta yana rage kumburi, kurkum ma haka. Sai dai hanji ba ya tsotse amfanin kurkum sosai, masoron ne ke taimaka masa ya shiga jini. Cittar kuwa tamu ce, daga Kachia da ƙasar Jaba a kudancin Kaduna ake loda ta zuwa ƙasashen waje.

Amma aikin citta da kurkum a hankali yake, sauƙin kuma daidai gwargwado ne. Shi ya sa ƙullin garin da ake talla da lasifika a tasha yake ba ni tsoro. Duk maganin "gargajiya" da ya sauke kumburin gwiwa cikin dare ɗaya, a bincike shi, don wasu kan daka ƙwayar dexamethasone su cakuɗa a ciki. Mai sha zai ji garau, daga baya fuska ta kumbura, suga da hawan jini su biyo baya.

Ya kamata hukumar NAFDAC ta riƙa ɗibar wannan gari daga tasha zuwa ɗakin gwaji. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likita kafin ya yawaita citta.