Na'ura ba ta gurfana gaban alƙali

A watan Afrilu na shekarar 2017 ma'aikatar tsaron Amurka ta buɗe wani shiri da ta sa wa suna Maven. Dalilin buɗe shi kuwa shi ne, jiragenta marasa matuƙa da ke shawagi bisa Iraƙi da Siriya da Afganistan suna aiko hotunan da suka fi ƙarfin idon masu dubawa. Sai aka ɗauko kwamfuta aka riƙa nuna mata dubban hotuna, ana ce mata wannan mota ce, wannan mutum ne, wancan gini ne, har ta iya rarrabewa da kanta. Wannan shi ne abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ko basirar na'ura. A 2018 ma'aikatan kamfanin Google fiye da 3,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da aikin, kamfanin ya janye. Shirin dai bai mutu ba, wasu kamfanoni suka karɓa, musamman Palantir. A watan Fabrairu na 2024 rundunar Amurka ta bayyana cewa na'urar ta taimaka wajen zaɓen wuraren da ta kai wa hari a Iraƙi da Siriya. Shi kansa Google, a farkon 2025, ya share alkawarin da ya ɗauka na cewa ba zai sa basirarsa cikin makamai ba.

Ke nan gardamar ko sojojin duniya za su rungumi wannan fasaha ta riga ta ƙare. Ta ƙare har a yankin Sahel, inda Nijar ta karɓi jiragen Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022, kamar yadda Mali da Burkina Faso su ma suka saya. Gaskiya ne mutum ke tuƙa waɗannan jirage daga ƙasa, mutum ke danna harbi. Amma duk rundunar da ta mallaki ido a sama, ba da jimawa ba hotuna za su yi mata yawa, kuma dillalan da za su tallata mata na'urar tacewa suna nan tafe da jakunkunansu. Tambayar da ta rage ga ɗan kasuwa mai biyan haraji da ma'aikacin da ake yanke wa albashi ita ce: da wane sharaɗi za a saya, kuma in an yi kuskure wa za a kama?

Kafin a amsa, ya kamata a san yadda abin ke aiki. Na'urar ba ta san mugu ba, ba ta san na kirki ba. Kama take nema. An nuna mata yadda waɗanda aka taɓa kira ƴan ta'adda suke tafiya, da irin babur ɗinsu, da yawan sauya lambar tarho, da wuraren kwanansu, sai ta bi cikin miliyoyin bayanai tana fito da duk wanda ya yi kama da su, ta ba shi maki. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fitar da kaya a duwan ya san na'urar SYDONIA: abin da ma'aikaci ya buga mata shi take lissafawa. In an rubuta mata buhu 200 alhali 500 ke cikin mota, za ta fitar da takarda mai tsabta da hatimi, ƙarya kuwa tana nan ciki. Haka ta soja take, sai dai ita takardarta rai take ci.

Abin da ya faru a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021 ya isa darasi. Amurka, wadda ta fi kowa kayan leƙe, ta bi wata farar mota ƙirar Toyota Corolla wajen awa takwas daga sama. Masu kallo sun ga ana ɗora wasu abubuwa masu nauyi, suka ce nakiya ce. Jarkokin ruwa ne. Makami ya kashe mutum 10 ƴan gida ɗaya, 7 daga cikinsu yara. Janar Kenneth McKenzie ya amsa kuskuren a watan Satumba, a watan Disamba kuma aka sanar cewa babu wanda za a hukunta. Mutane ne suka yanke wannan hukunci da idanunsu, bayan awa takwas suna kallo. To, daga irin wannan hukunci na mutane na'ura ke koyon nata, sannan ta maimaita shi sau dubu cikin ƙiftawar ido.

Saurin nan shi ne babban abin tsoro. A watan Afrilu na 2024 mujallar +972 ta Isra'ila ta buga shaidar jami'an leƙen asiri shida game da wata na'ura mai suna Lavender, wadda suka ce ta jera sunayen Falasɗinawa kusan 37,000 a Gaza. Sun ce an san tana kuskure kusan sau ɗaya cikin goma, kuma jami'i kan ɗauki daƙiƙa 20 kacal a kan kowane suna kafin ya amince. Rundunar Isra'ila ta musanta, ta ce kundin bayanai ne kawai na taimaka wa masu bincike. Ko da an ajiye gardamar gefe, akwai lissafin da kowane ma'aikacin ofis ya sani: shugaban da aka ajiye wa takardu 500 a sa hannu kafin tashi, ba karantawa yake ba. Sunansa na kan takarda, amma hukuncin ba nasa ba ne. Ranar da aka zo tuhuma zai ce na'ura ta nuna, kamfanin da ya ƙera ta zai ce mutum ya danna, iyalan mamaci kuwa su koma gida da ta'aziyya.

Ba haka wani hafsan Tarayyar Sobiyet mai suna Stanislav Petrov ya yi ba a daren 26 ga Satumba 1983. Na'urar gargaɗi ta nuna masa cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami biyar. Ya duba, ya ce wanda zai fara yaƙin ƙare dangi ba da biyar zai fara ba, ya sanar da manyansa cewa na'ura ce ta ruɗe. Daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare. Abin da ya ceci duniya a daren nan shi ne an bar wa mutum lokaci da ikon cewa a'a.

Mutanen ƙasar Hausa da maƙwabtansu ba labari suke ji ba game da kuskuren da ke zuwa daga sama. A ƙauyen Bunti na Mali, ranar 3 ga Janairu 2021, jiragen Faransa sun yi ruwan wuta a kan wani taron maza. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ɗaurin aure ne, farar hula 19 suka mutu, Faransa kuwa ta ƙi yarda. A Nacade, cikin yankin Madarunfa, a watan Fabrairu na 2022, gwamnan Maraɗi ya sanar da mutuwar yara 7 a harin jirgin Najeriya da ke bin ƴan bindiga. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya faɗa wa masu Maulidi, aƙalla mutum 85 suka rasu. Babu basirar na'ura a ko ɗaya daga cikin ukun nan, iyakar abin da aka bayyana. Amma duka ukun ciwo ɗaya ne: ido daga sama ya ga taro, bai san ma'anar taron ba.

Wannan ciwo na'ura za ta gada, har ta ƙara masa. Wadda aka koya wa aiki da hotunan Mosul ko na filayen Ukraniya ba ta san cewa a nan maza suna zama daban da mata ranar biki ba. Ba ta san makiyayi yana ƙetara iyaka sau biyu a shekara bin ciyawa ba, ko cewa rawani da takobi ado ne a Ingal lokacin taron makiyaya. Yaron da ya ɗauro jarkokin mai a babur tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, daga sama kamarsa ɗaya da mai kai wa ƴan bindiga mai. Tarho guda gida goma ke amfani da shi, layin kuma da katin wani ɗan'uwa aka yanke shi. Sunan mutum ɗaya ana rubuta shi iri uku a takardu uku, ranar haihuwarsa kuwa «wajen shekara kaza». Wanda ya zuba irin waɗannan bayanai cikin na'ura ya ce ta fito masa da abokan gaba, cinikin biri a sama ya yi, kuma da ran talaka zai biya.

Duk da haka, kuskure ne a ce soja ya guji kwamfuta. Akwai inda tace bayanai zai yi wa runduna amfani tun gobe, ba tare da an zubar da jinin kowa ba, wato cikin littattafanta. Na'ura ta ƙware wajen gano lambar soja ɗaya da ke karɓar albashi biyu, da motar da ke shan mai alhali tana kan duwatsu a gareji, da kamfanoni uku masu gasar kwangila da adireshi ɗaya, da taya da aka saya ninki huɗu na farashin kasuwa. Tana iya faɗin lokacin da injin jirgi zai buƙaci gyara kafin ya lalace, da sansanin da harsashinsa zai ƙare kafin ayari ya iso. A ƙarshen 2014, watanni kaɗan bayan faɗuwar Mosul, firaministan Iraƙi Haidar al-Abadi ya bayyana cewa an gano sunayen sojoji 50,000 da ake biya albashi babu su. Rundunar da ke ƙirga fatalwa cikin mayaƙanta ta sha kashi tun kafin a yi harbin farko.

Nijar ma tana da nata tabon. A Inates, cikin Disamba 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. A Shinagodar, cikin Janairu 2020, wasu 89. Makonni kaɗan bayan haka binciken da aka yi a ofishin ministan tsaro ya nuna ƙasa ta yi asarar kimanin miliyar 76 na kuɗin sefa tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar ƙarin farashi, da gasar ƙarya, da kayan da aka biya ba a kawo ba. Zanga-zangar da ta biyo baya a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 ta ƙare da gobarar kasuwar Tagabati da mutuwar mutum uku. Masu binciken nan da hannu suka bi takardu, bayan shekaru. Da kowace kwangila tana shiga kundi ɗaya da ake kwatanta farashi a cikinsa, da ɓarnar ta fito tun tana ƙarama, da wataƙila wasu kayan sun isa hannun yaran da ke bakin iyaka.

Sai dai na'ura ba ta lissafa abin da aka ɓoye mata. A watan Fabrairu na 2024 hukumomin soja da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun fitar da dokar da ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilolin gwamnati da na lissafin baitulmali. Hujjar da masu goyon baya ke bayarwa ba ta banza ba ce: ƙasa na cikin yaƙi, abokin gaba yana karanta jarida, jinkirin takardu kuma yana kashe soja. Amma Ukraniya ma tana cikin yaƙi lokacin da wata jarida ta tona, a Janairu 2023, cewa ma'aikatar tsaro na sayen ƙwai da farashin da ya ninka na kasuwa. Abin da majalisarsu ta yi shi ne dokar da ta tilasta bayyana farashin kayan da ba makamai ba, kafin ƙarshen shekara kuma aka sauya ministan. Inda bataliya za ta kwana sirri ne. Kuɗin buhun shinkafarta da na takalmanta ba sirrin da ya shafi abokin gaba ba ne.

Saboda haka duk ranar da za a kawo maganar sayen irin wannan fasaha, akwai sharuɗɗan da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da majalisar ƴan kasuwa da ƴan jarida su tsaya a kansu. A fara da albashi da mai da kwangila, a ga ko na'urar ta iya kama ɓarawo mai takarda kafin a ba ta amanar rai. Kada wani hari ya tashi sai da sunan hafsan da ya duba, da lokacin da ya ɗauka, da shaidar da ta zo daga ƙasa, a rubuce, inda alƙali zai iya nema. A kuma rubuta cikin kwangila inda bayanan ƴan ƙasa za su zauna da wanda ke riƙe da mabuɗinsu. Amurkawa sun bar sansaninsu na Agadas a watan Agusta na 2024 da sunan ƴancin ƙasa. Zai zama abin kunya a kori baƙo ta ƙofa, a miƙa wa wani baƙon motsin kowane tarho na ƙasar ta taga.

A watan Disamba na 2023 ƙasashe 152 sun kaɗa ƙuri'a a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a duba batun makaman da ke zaɓen wanda za su kashe da kansu. Manyan ƙasashe ba sa gaggawar ɗaure hannunsu, kuma babu dalilin da zai sa ƙananan su jira su kafin su rubuta tasu doka a gida. Soja ɗan talaka ne, wanda bam ke faɗa wa bisa kuskure shi ma ɗan talaka ne, kuɗin sayen na'urar kuwa daga aljihun iyayensu zai fito. Haƙƙinsu ne su san sunan wanda zai amsa tambaya.