Kafin Mu Yi Wa Masu Gasar Ɓera Dariya



Kwanakin baya muna zaune bayan Isha'i, ƙanena ya miƙo mini wayarsa yana ta ƙyalƙyala dariya. Bidiyo ne na wasu Turawa a Ingila, an jera ƙananan akwatuna a kan tebur, wata mata sanye da farar riga tana ɗauko ɓera ɗaya bayan ɗaya, ta duba haƙoransa, ta shafa gashinsa, ta kalli jelarsa, sannan ta rubuta maki. Wai gasar ɓeraye ake yi. Ummanmu da ta leƙo ta gani sai ta ja tsaki ta ce, "A'uzu billahi! Ku kawar mini da wannan ƙazanta, mutane sun ƙoshi sun rasa abin yi." Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na hau saman bene daga baya na ga kejin tattabarun yaran maƙwabta, sai dariyar ta tsaya mini a wuya. Hausawa na cewa gwano ba ya jin warin jikinsa.

Bari in fara da faɗar matsayina tun kafin wani ya juya mini magana. Ba na kira ga kowa ya kawo ɓera gidansu, balle a nan Makka. Iyayenmu suna da hujjarsu. Ɓeran da suka sani a ƙasar Hausa ɓarawon rumbu ne, kuma wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno inda aka fara gano ta a 1969. Ga shi kuma a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ɓera na cikin dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko da a cikin Harami ne, tare da hankaka da shirwa da kunama da kare mai cizo. Mu kuwa Aziziyya cikin iyakar Harami muke. To, maganar kiwon ɓera a wurinmu halas, ta ƙare. Abin da nake so mu ɗauka daga wajen mutanen nan shi ne dokar da suka kafa wa gasarsu, domin wallahi ta fi tamu mutunci.

Ga yadda abin ya samo asali. A 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta kai ɓerayenta na gida wajen nunin da ƙungiyar masu kiwon ƙananan ɓeraye ta shirya a garin Aylesbury na Ingila, kuma nata mai fari da baƙi ya zo na ɗaya. Bayan rasuwarta a 1921 harkar ta yi sanyi, sai a 1976 aka kafa ƙungiyar National Fancy Rat Society a Birtaniya, a 1983 kuma aka kafa makamanciyarta a California ta Amurka. Ɓerayen da suke kaiwa gasa ba daga magudanar ruwa ake kamo su ba, an daɗe ana hayayyafar su a hannun mutum har suka saba da shi. Tsawon ransu shekara 2 zuwa 3 ne kacal, kyautar da ake ci kuma yawanci ɗan kofi ne ko ƙyallen yabo. Alƙalin gasa yana duba lafiya da tsafta da hali, wanda ya zo da ciwo ko ƙwari a jiki ko yana cizo sai a fitar da shi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan. Masu kiwo sun samar da ɓera marar gashi ko kaɗan, da wani marar jela. Abin kallo ne, kuma mutane na son abin da ba a saba gani ba. Sai ƙungiyar ta Birtaniya ta ce ba za a shigar da waɗannan nau'o'i biyu gasarta ba, saboda ɓera da jelarsa yake daidaita tafiyarsa yake kuma rage zafin jikinsa, marar gashi kuwa sanyi da rauni ba sa yi masa wuya. Ka ga ke nan sun fahimci wani abu: duk siffar da aka ba kyauta, ita masu kiwo za su bi, ko da dabbar za ta wahala. Saboda haka suka rufe ƙofar tun daga teburin alƙali.

Yanzu mu dawo gida. Kowa a ƙasar nan ya san mazayin, gasar kyawun raƙuma. Mafi girmanta ita ce ta Bikin Raƙuma na Sarki Abdul'aziz da ake yi a Sayahid, arewa maso gabashin Riyad. Ana duba girman kai da tsawon wuya da zubin leɓe da tsayuwar tozo. A watan Janairun 2018 an kori raƙuma 12 daga gasar saboda an yi musu allurar Botox. A Disambar 2021, lokacin da kyaututtukan suka kai kimanin riyal miliyan 250, sai da aka kori sama da 40. An samu waɗanda aka ja musu leɓe don ya zubo, waɗanda aka cusa musu abin kumbura fuska, da waɗanda aka ɗaure musu sassan jiki da roba. Hukumar bikin ta yi abin yabo da ta kawo likitocin dabbobi da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki don kama masu wannan aiki, ta kuma sa tara. Sai dai mu tambayi kanmu, me ya kai mutumin da ke cewa yana son raƙuminsa kamar ɗansa ga soka masa allura a leɓe? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin leɓen da ya fi zubowa shi ke jawo miliyoyi, za a samu mai jan leɓe.

Wani zai ce, ya akhi, mu ina ruwanmu da raƙuma, wa ke da kuɗin raƙumi a cikinmu? Gaskiya ne. Raƙuminmu shi ne tattabara. Daga Shari' Mansur zuwa Hindawiyya, daga Misfala zuwa nan Aziziyya, da wuya ka samu layin da babu yaro mai keji a saman gida. Abin ma gado ne, don iyayenmu da yawa sun taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi da ɗakin tattabaru a tsakar gida. Bambancin shi ne su don ci da sayarwa da sha'awa suke kiwo, mu kuwa mun mayar da shi gasa ba tare da mun kira shi gasa ba. Ana ɗora hoto a WhatsApp da TikTok, ana jefa farashi a haraj, ana cika baki wa ya fi wa. Gasa ce mai zafi, amma babu alƙali, babu doka, babu mai cewa wannan bai halatta ba.

Na ga abin da rashin dokar ke haifarwa da idona. Wani yaro a layinmu, ba zan kama suna ba, ya sayar da wayarsa ya ƙara da kuɗin da ya tara a aikin Hajji ya sayi tattabaru biyu saboda launinsu. Ba a yi wata biyu ba suka sake gashi, launin ya tafi, ashe rini ne. Wannan asarar kuɗi ce kawai, ana iya mayarwa. Wadda ta fi ciwo ita ce ta nau'o'in da aka gajarta musu baki har uwa ba ta iya ciyar da 'ya'yanta, sai an nemo wata tattabarar ta yi mata reno. Wannan matsala tsohuwa ce. Charles Darwin, wanda shi ma ya yi kiwon tattabaru, ya yi bayani a littafinsa na 1859 cewa masu gajeren baki da yawa suna mutuwa a cikin ƙwai saboda ba sa iya fasa ɓawon. Sama da shekara 160 ke nan, kuma har yau gajartar bakin ita ce abin da ke ƙara musu farashi a wajen masu sha'awa.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato mausim. Kowa ya san yadda Aziziyya ke zama idan Hajji ya matso. Gidaje da yawa ana ba da su haya ga alhazai, iyalai su koma wani wuri, shabab kuma kowa ya bazama neman na kansa, wani tura keken marasa ƙarfi, wani tafinta, wani dako. To su wa ake bari a saman bene? Keji na ƙarfe, rufin kwano, ɗan kwanon ruwa ɗaya. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ka auna abin da tsuntsu ke ji a ƙarƙashin kwano a irin wannan rana, mai shi yana Mina kwana huɗu ko biyar. Mun sha hawa bayan Sallah mu tarar da gawarwaki, a ce ai ƙaddara ce. Mu da muka haddace tun muna yara labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, mu ne kuma ke wucewa ta gaban tattabarun Harami a hankali don kada mu firgita su. Tattabarar da ke harabar masallaci da wadda ke saman benenka, Mahaliccinsu ɗaya ne.

Na san abin da dattawanmu za su ce: a daina abin gaba ɗaya, wasan tattabara aikin marasa aikin yi ne, ga leƙen gidajen mutane daga sama, ga shagala da barin sallah. Akwai gaskiya a ciki, malamai sun daɗe suna sukar mai yini yana bin tattabara. Amma ban yarda hani ne magani ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsunsa, da tsuntsun ya mutu ma rarrashinsa ya yi. Ban da haka, mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai samari a cikinmu da matsalar iƙama ta tare musu hanyar karatu ko aiki, kuma wannan kejin shi ne abin da ke tayar da su da asuba, shi ke kawo musu ɗan riyal, shi ke hana su zaman bakin titi. Wanda ya san harkar ya san ba ƙaramar sana'a ba ce a duniya, a Beljiyam an sayar da wata tattabarar tsere mai suna New Kim kan yuro miliyan 1.6 a 2020. In ka ƙwace wa yaro kejin ba ka ba shi madadi ba, to ka san inda zai tafi.

Shawarata ita ce, tunda gasar tana nan ko mun so ko mun ƙi, mu fito da ita fili mu yi mata ƙa'ida kamar yadda masu ɓera suka yi wa tasu. Masu kiwo na kowace unguwa su zauna su zaɓi mutum biyu ko uku da aka yarda da sanin su, waɗanda ba sa sayar da tsuntsu ga masu shiga gasar. Lafiya ta zo farko, launi da siffa su biyo baya. Tsuntsun da aka rina, ko aka fige, ko aka yanke masa wani abu don ya yi kyau, a fitar da shi a kuma faɗa wa jama'a dalili. Nau'in da ba ya iya ciyar da 'ya'yansa da kansa kada a ba shi kyauta, ko nawa aka saye shi. Kafin a karɓi tsuntsun mutum a je a ga kejinsa: akwai inuwa? Akwai iska? Wa zai riƙa ba su ruwa a mausim? Kada a sa kuɗin caca, kyautar ta zama buhun hatsi ko maganin tsuntsaye. Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba, ƙasar nan tana da dokar tausaya wa dabbobi tun 2013, Alƙur'ani kuma tun a Suratun Nisa'i ya lissafa tsaga kunnuwan dabbobi da canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umarni da su.

Akwai wani ɓera da nake so ku sani kafin in ajiye alƙalami. Sunansa Magawa, ɗan uwan gafiyar nan ce da ake farauta a ƙasar Hausa. Ƙungiyar APOPO ta horar da shi a Morogoro ta Tanzaniya, aka kai shi Kambodiya, inda ya shinshino nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa sama da 100 da aka binne tun lokacin yaƙi. A 2020 wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Birtaniya ta ba shi lambar zinariya, ya mutu a Janairun 2022. Da Magawa zai shiga mazayin ko na ƙarshe ba zai zo ba. Mu da muka taso a ƙasar da wani lokaci ake auna mu da launin fata kafin a ji abin da ke bakinmu, ya kamata mu fi kowa jin nauyin auna halitta da siffa kawai.

Ƙanena har yanzu yana dariyar bidiyon, Umma kuma har yanzu ba ta son jin sunan ɓera a gidanta, ni ma ban nemi ta canza ba. Amma na roƙi yaran maƙwabtanmu mu haɗa kuɗi mu sayi shimfiɗar inuwa da babban mazubin ruwa kafin Hajji mai zuwa, kuma mu rubuta sunan wanda zai riƙa hawa saman bene kowace rana daga 8 zuwa 13 ga Zulhajji. Duk mai keji a unguwarku, ku je ku tambaye shi wa zai shayar da tsuntsayensa bana.

Allah ya sa mu dace.