Yaro Ya Gama Sakandare, Sai Ina? Darasi Daga 'Yan Ƙwallon Kwando Na Amurka

 Yau maganar ƙwallon kwando zan yi, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku yi haƙuri ku bi ni, ƙarshenta kan 'ya'yanmu za ta faɗo.

A Amurka akwai wata al'ada da ke burge ni. Duk shekara, yaran da suka fi kowa iya ƙwallon kwando a ajin ƙarshe na sakandare, ana jera sunayensu daga na ɗaya zuwa na ɗari, kamfanoni irin su ESPN da Rivals ke wannan aiki. Daga cikinsu ake zaɓen maza 24 su buga wasan McDonald's All-American, wanda aka soma tun ƙarshen shekarun 1970, aka ƙara na 'yan mata a 2002. To, tambayar da kowa ke yi a kan waɗannan yara guda ɗaya ce: wace jami'a zai tafi? Masu horarwa na manyan jami'o'i irin su Duke da Kentucky da Kansas su kan tafi har falon iyayen yaro su zauna suna lallashi. Ranar da yaro zai bayyana zaɓinsa, sai a tara dangi da malamai da 'yan jarida a zauren makaranta, a jera huluna uku ko huɗu masu tambarin jami'o'in da ke zawarcinsa, ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya kafa. Uwa na kuka, uba na tafi, gari ya ɗauka.

Abin da ya sa jami'a ta zama dole a lissafin shi ne dokar da NBA ta kafa a 2005. Kafin nan yaro na iya tsallakawa daga sakandare kai tsaye, kamar yadda Kevin Garnett ya yi a 1995, Kobe Bryant a 1996, LeBron James a 2003. Daga 2006 aka ce sai yaro ya kai shekara 19, kuma ya yi shekara guda da barin sakandare. Shi ya sa gwanayen gwanaye ke shiga jami'a su yi shekara ɗaya su fice. Cooper Flagg ya shiga Duke a 2024, a 2025 Dallas ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya. Yanzu kuma kuɗi ya shigo cikin maganar. Tun watan Yulin 2021 aka yarda ɗalibi ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma aka yarda jami'o'in su kansu su riƙa biyan 'yan wasansu. Lokacin da AJ Dybantsa, ɗaya daga cikin na gaba-gaba a ajin 2025, ya ce BYU zai tafi, rabin hirar mutane a kan kuɗin ne.

Ra'ayina a nan a fili yake. Cikin wannan biki duka, hular da kuɗin ba su ne abin koyi ba. Abin koyi shi ne yaro ɗan shekara 17 yana da shirin da iyayensa da malamansa suka zauna suka tsara tun yana ajin farko na sakandare, kuma shirin nan ta ƙofar makaranta ya bi. Ƙwallo ita ce ke kai shi bakin ƙofar, amma takarda ce ke buɗe ta, kuma takardar ce abin da zai koma gida da shi ranar da gwiwa ta ce ta gaji.

Ku duba lissafin da kanku. Yara maza fiye da 500,000 ne ke buga ƙwallon kwando a sakandarun Amurka. Waɗanda ke samun shiga ƙungiyoyin jami'o'in da ke ƙarƙashin hukumar NCAA ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. NBA kuwa kimanin mutum 60 take ɗauka a zaɓenta na kowace shekara, kuma daga duniya baki ɗaya take tsinto su, da Faransa da Sabiya da Afirka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mutum uku za su ishe mu misali. Lenny Cooke ɗan birnin New York, a farkon shekarun 2000 ana sa shi sahu ɗaya da LeBron James, wasu ma na ɗora shi a sama. Bai shiga jami'a ba, ya miƙa sunansa ga zaɓen NBA na 2002, ba ƙungiyar da ta ɗauke shi, kuma bai taɓa buga wasan gasar NBA ko ɗaya ba. Greg Oden shi ne tauraron ajin 2006, ya yi shekara ɗaya a Ohio State, Portland ta ɗauke shi na ɗaya a 2007, ciwon gwiwa ya cinye masa sana'ar. Da komai ya lafa sai ya koma Ohio State ɗin nan ya zauna a aji, ya karɓi digirinsa a 2019. Na ukun ɗan gida ne, Emeka Okafor, haifaffen Houston wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Lokacin da ya gama sakandare ba ya cikin waɗanda ake yi wa kirari. Ya shiga Jami'ar Connecticut a 2001, ya gama digirin harkar kuɗi cikin shekara uku, ya ci kofin jami'o'i a 2004, a wannan shekarar aka ɗauke shi na biyu a NBA. Wanne daga cikin ukun nan za ka so ɗanka ya bi sawunsa?

Kada wani ya ce wannan hanya ta yi mana nisa. Hakeem Olajuwon a Legas ɗin nan ya tashi, ya tafi Jami'ar Houston a 1980, aka ɗauke shi na ɗaya a 1984, a gaban Michael Jordan, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, kuma duniya ta san shi da buga wasa yana azumin Ramadan. Masai Ujiri a Zariya ya girma, a hannun Koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi wasan, karatu ne ya kai shi Amurka, shi ne kuma shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Precious Achiuwa ɗan Fatakwal ya buga wasan McDonald's a 2019, ya zaɓi Jami'ar Memphis, Miami ta ɗauke shi a 2020. Udoka Azubuike ya buga nasa a 2016, ya yi shekara huɗu cur a Kansas. Amma ku ji kuɗin da aka biya: ya bar gida yana ɗan shekara 13, mahaifiyarsa ba ta sake sa shi a ido ba sai 2018, bayan kusan shekara shida. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

To ina namu? Allah ya hore mana dogayen yara, duk wanda ya shiga kara ko kasuwar Mile 12 ya san haka. Yaranmu da aka haifa a nan Kurmi suna jin Yarbanci ko Ibo, suna jin Turanci, suna zaune a garuruwan da filayen wasan suke, irin su Rowe Park a Yaba da babban filin wasa na Surulere, ga gasar Milo ta makarantun sakandare da ake yi shekara da shekaru. Abin da ya rage mana shi ne tambayar nan da Amurkawa ke yi wa 'ya'yansu. Mu yaro zai zana jarabawar WAEC ya gama, uba bai san darussa nawa ya ci ba, bai san ko ya yanki fom ɗin JAMB ba. Washegari a ce ya zo ya tsare shago, ko a haɗa masa kuɗin babur. Kasuwa ba abin raini ba ce, ita ta kawo kakanninmu nan, ita ta gina Sabo. Amma a ce yaro ya faɗa cikinta don ba wanda ya taɓa zama da shi aka yi shawara, wannan sakaci ne, kuma namu ne mu iyaye.

Ga wanda Allah ya ba ɗa ko 'ya mai baiwar wasan, ga abin da nake ganin ya kamata a riƙe. Na farko, NCAA ba ta barin yaro ya buga wa babbar jami'a sai ta tantance sakamakonsa na sakandare, ana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 a ma'auninsu. Yaron da ya watsar da Turanci da Lissafi ya rufe wa kansa ƙofa komai tsawonsa. Na biyu, a yi hattara da dillalai. An sha jin labarin yaran Afirka da aka kwasa da alkawarin karatu kyauta, aka zube su a makarantun da ba su da komai sai suna, aka riƙe musu fasfo, aka bar su da yunwa. Duk wanda ya zo maka da maganar fita da yaro, ka nemi sunan makarantar, ka sa mai ilimi ya bincika ta, ka nemi magana da iyayen waɗanda ya kai a baya. In ya soma da neman kuɗi cikin gaggawa, ka kama hannun ɗanka ku tashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na uku, kada a rage wa yaro shekaru a takarda. Ƙarya ce, kuma ranar da ta tonu da ita da karatun da bizar duk tare suke tafiya.

Wani zai ce, tunda yanzu jami'o'in na biyan kuɗi, ai yaro ya bi inda aka fi tsoka. Na ji wannan, kuma ba na raina kuɗi a hannun ɗan talaka. Sai dai manyan kuɗin nan na 'yan ƙalilan ne da ke saman jeri, na ƙasa kuwa abin da ke hannunsu na tabbas shi ne kujerar aji. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ma akwai ƙa'idoji masu tsauri kan irin kuɗin da zai iya nema a can. Don haka tambayar da uba zai yi wa mai horarwa ita ce: in yaron nan ya karye a shekarar farko, zai ci gaba da karatunsa har ya gama?

Ina roƙon sarakunan Hausawa na unguwanninmu da ƙungiyoyin matasa da limamai su ɗauki wani abu guda daga wannan al'ada. Duk ƙarshen shekarar karatu a tara yaranmu da suka gama sakandare, maza da mata, ɗan ƙwallo da wanda bai taɓa riƙe ta ba, a kira sunan kowa a gaban jama'a, ya faɗi inda ya dosa, jami'a ce ko kwalejin kimiyya ko koyon sana'a, masu hali su ji wanda kuɗin fom ya tsaya wa. Ba sai mun sayi huluna masu tambari ba, tabarma da lasifika sun isa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka uban da ɗansa ke aji huɗu, yau ya kamata ya kira shi ya tambaye shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su fi mu.