Ɗaliban Injiniya da Sandar Masu Lalura

A shekarar 2008, wasu ɗaliban Jami'ar Stanford da ke Amurka suka ƙera gwiwar roba mai sauƙin kuɗi, tare da haɗin gwiwar wata ƙungiyar agaji da ke birnin Jaipur na Indiya. Aikin aji ne, amma dubban waɗanda suka rasa ƙafa sun ci moriyarsa. Sirrin shi ne ɗaliban sun fara da sauraron masu buƙata kafin su taɓa ƙarfe.

Wannan darasi ne ga tsangayoyin injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. An ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar shan inna a 2020, sai dai waɗanda cutar ta naƙasa suna nan, ga kuma masu karaya daga haɗarin babur, da yawansu kuwa da sanda suke tafiya. Mai dogara sanda hannayensa biyu a ɗaure suke: ba ya iya ɗaukar kwano ko buta. Robar gindin sanda tana cinyewa, tana zamewa a taɓo, tana nutsewa a rairayi, matashin hammata kuma yana danne jijiya.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ta isa aikin kammala karatu. Ɗalibi zai koyi awo, zaɓen kayan aiki, lissafin farashi da gwaji, ya gyara, ya sake gwadawa.

Muna kira ga jami'o'i su haɗa ɗalibai da likitocin gashin ƙashi, masu walda da ƙungiyoyin masu lalura, kuma a sa ra'ayin mai amfani da sandar cikin makin jarrabawa.